Google Drive kaɗai ya isa kariya daga masu garkuwa da bayanai?

Hajiya_Akanta:
Assalamu alaikum. Kamfani ne mai ma'aikata 12, takardun lissafi da bayanan kwastomomi duk suna jaka ɗaya da ke haɗe da Google Drive. In manhajar nan da ke kulle fayiloli a nemi kuɗin fansa ta shigo, wannan ya wadatar, ko da sauran aiki?

Injiniya_Sadarwa:
Wa'alaikumus salam, Hajiya. Da sauran aiki. Drive daidaita abin da ke kwamfuta yake yi da abin da ke intanet. Da zarar an kulle fayil a kwamfuta ɗaya, sai ya ɗora kullallen a kan mai kyau, ya kuma bazu zuwa sauran kwamfutocin. Yana riƙe tsoffin sigogin fayilolin Excel da PDF, amma na kwana 30 ne, kuma dawo da dubban fayiloli ɗaya bayan ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne.

Ku bi tsarin 3-2-1: kwafi uku, a ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wajen ofis. Ku sami faifan ajiya na waje guda biyu, kowane girmansa ya ninka bayananku sau biyu, ku riƙa musanya su duk mako. Da an gama kwafa a zare faifan. Wanda aka bari a jone, tare za a kulle shi da kwamfutar, kuma nan ne mutane suka fi faɗawa. A rufe faifan da BitLocker, manhajar Windows da ke hana karanta faifai sai da mabuɗin sirri, saboda ɓata ko sata. Sannan duk wata a zaɓi fayil biyar a dawo da su a buɗe, domin sau da yawa kwafin ya daɗe da tsayawa ba wanda ya lura.

Malam_Tsaro:
Zan ƙara da hanyoyin shigowa. A duba na'urar rarraba intanet, in ƙofa mai lamba 3389 ta Remote Desktop (hanyar sarrafa kwamfuta daga nesa) a buɗe take, a rufe yau ɗin nan, masu kutse na lalubenta dare da rana. A kunna sabuntawar Windows ta kai tsaye. WannaCry, wata manhajar neman kuɗin fansa, ta yi ɓarna a watan Mayu na 2017, alhali Microsoft ya fitar da gyaran kafar da ta bi tun watan Maris. Windows 10 kuma tallafinta ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kada ma'aikaci ya yi aikin yau da kullum da asusun mai cikakken iko, domin ikon da yake da shi manhajar za ta gada.

Hajiya_Akanta:
Allah ya saka da alheri. To in abin ya riga ya faru, me za a fara yi?

Injiniya_Sadarwa:
Amin, Hajiya. A zare wayar intanet daga kwamfutar, a kashe Wi-Fi, a dakatar da Drive a sauran kwamfutocin. Kada a jona faifan ajiya da ita ko kusa. Daga wata na'ura mai lafiya a canza kalmomin sirri, a fara da na imel, a kunna tantancewa mai mataki biyu. Sai an goge kwamfutar an saka Windows sabuwa kafin a dawo da bayanai.