Wai Jami'ar Howard baƙaƙen fata kawai take ɗauka?

Ummu_Khalil:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin harkar karatu a Amurka ku taimaka min. Ƙanina ya samu admishan a Howard da ke Washington, sai wani ya ce mana wai makarantar baƙar fata ce zalla kuma irinsu ba su kai sauran jami'o'i ba. Ni abin da ya ɗaure min kai, ƙasar da ta ce ta daina wariya me ya sa har yanzu akwai makarantar baƙaƙe daban? Kuma ya zaman ɗalibai yake a can?

Malam_Tarihi:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri. Wanda ya faɗa muku haka bai san tarihin ba gaskiya. Howard an kafa ta ne a 1867, shekara 2 kacal bayan yaƙin basasa ya ƙare an 'yanta bayi, lokacin kuma yawancin jami'o'in Turawa ko ƙofa ba sa buɗe wa baƙin mutum balle su ba shi kujera a aji, to ina mutanen nan za su je? Sunan ma na Janar Oliver Otis Howard ne, Bature, shi ya shugabanci hukumar da ke kula da 'yantattun bayi. Kuma tun farko ba ta taɓa hana kowa shiga ba, yanzu ma akwai Turawa da 'yan Asiya da 'yan Afirka birjik. Baƙar fata bai shugabance ta ba ma sai 1926, Mordecai Johnson.

Maganar wai ba ta kai ba ita ce ta fi ɓata min rai. Thurgood Marshall ɗan Baltimore ne amma a lokacin jami'ar jiharsu ba ta ɗaukar baƙaƙen fata a fannin lauya, kullum sai ya hau jirgin ƙasa zuwa Howard, ya gama 1933. Shi ne fa ya tsaya gaban kotun ƙoli a shari'ar Brown har aka soke wariya a makarantun gwamnati a 1954, daga baya 1967 ya zama baƙar fata na farko alƙali a kotun. Marubuciya Toni Morrison mai Nobel can ta yi, Kamala Harris ma 1986 ta gama. Azikiwe ya yi karatu can kafin ya koma Jami'ar Lincoln.

Binta_DC:
Yaya ni kusa da makarantar nake zaune. Akwai wani fili a tsakiya da suke kira Yard, gaban babbar laburare mai hasumiyar agogo, in an tashi lakca da rana za ki ga yara cike a kan ciyawa, wasu na muhawara wasu na sayar da riguna, 'yan ƙungiyoyi kowa da bishiyarsa da ya yi wa fentin kalarsu. Watan Oktoba kuwa lokacin Homecoming tsofaffin ɗalibai ke dawowa har da jikokinsu, ga 'yan badujala ga wasan ƙwallo, unguwar ba masaka tsinke.

Amma kar in ɓoye miki, masauki matsala ne. A 2021 ɗalibai sun yi zaman dirshan sama da wata guda a ginin Blackburn saboda fumfuna da lalacewar ɗakunan hostel, kuma haya a Washington akwai tsada sosai. Ya nemi ɗaki da wuri.

Ummu_Khalil:
Kai na gode ƙwarai, wallahi hankalina ya kwanta. Likitanci yake so ya yi nan gaba, suna da shi?

Malam_Tarihi:
Suna da shi Hajiya, tun 1868 ma, kuma da asibitinsu na koyarwa a cikin harabar. Sai dai a Amurka sai ya gama digirin farko tukun sannan ya nemi shiga likitanci, ba kai tsaye ba ne. Ki ce masa ya rubuta wa ofishin tallafin karatu tun yanzu ya tambayi sikolashif ɗin da ɗalibin waje zai iya samu, don tallafin gwamnatin tarayya ba ya shafar mai bizar karatu.