Na karye a 2022, yanzu banki ya ce in zo in karɓi katin bashi

Ɗan Alabar:
Salamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda abin ya taɓa samu shi nake so ya yi magana. Wasunku sun san ina da shagon kayan waya a Adum, nan Kumasi a Ghana. A 2022 na karye. Farkon shekarar dala tana wajen sidi 6, kafin Nuwamba ta haura 14. Sai ka sayar da kaya kana murna ka ci riba, ka je sarin wasu, kuɗin ba ya sayo rabinsu. Ga bashin wani kamfanin lamuni, ga na mai kawo min kaya. Na sayar da Pragya ɗina, keken haya mai ƙafa uku, na saki shagon, aka zauna aka yanka min biya wata-wata. Bara na gama, alhamdulillahi. Yanzu tebur gare ni a kasuwar Kejetia. Bankin da nake ajiya sun kira ni wai za su ba ni katin bashi, iyakarsa sidi 5,000, kuma in na biya duka kafin ranar da aka sa babu kuɗin ruwa. Ni odar caja da gilashin waya daga Sin kawai nake so in riƙa biya da shi. Wanda ya taɓa faɗuwa ya sake karɓar irin katin nan, yaya ta kaya?

Baban Iman:
Wa alaikumus salam. Kar ka kuskura ka ci bashin MoMo, wato na asusun kuɗi na waya. Na ci 500, kwana talatin na cika aka kwashe 535. Kuɗin makarantar yara ne ma ya shigo, ban ko gan shi ba.

Ɗan Alabar:
Yaya, ba MoMo na ce ba. Katin banki ne.

Sisi Tafo:
535? Kai ka ji daɗi. Ni kusan 600 na biya a kan 500 ɗin nan.

Baban Iman:
To ke kin makara ne aka ɗora miki tara. Ki faɗi gaskiya.

Malam Sawaba:
Ɗana, Allah ya mayar maka da alheri. Maganar "in ka biya da wuri babu ruwa" ba sabuwa ba ce, malamai sun duba ta. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke tun shekarar 2000 cewa katin da aka gindaya sharaɗin kuɗin ruwa a cikinsa bai halatta ba, ko da mutum ya ƙudurta zai biya kafin wa'adi, domin hannu ka sa a kan sharaɗin. Akwai masu sassautawa ga wanda ke cikin lalura. Odar caja lalura ce? Kai ka san amsa.

Boga na Bronx:
Malam, da girmamawa, a nan Amurka in ba ka da tarihin bashi, ko ɗakin haya sai ka sha wuya. Ni kaina na shiga kotu na bayyana karayar arziki, irin wadda suke kira Chapter 7. Shekara 10 take zama a takardar mutum. Abin da na yi, na ajiye dala 300 a banki suka ba ni kati iyakarsa 300 ɗin, man mota kawai nake saye da shi, in biya duka ƙarshen wata. Haka makina na iya biyan bashi ya dawo. Ɗan Alabar ka karɓa, ka gina sunanka.

Tela Asawase:
Boga ya zo. Boga, Kejetia ba Bronx ba ce. Nan mai gida haya ta shekara biyu yake so a hannu, bai san wani maki ba.

Magajiya Aboabo:
Ku matsa ku ji daga wadda ta gani. Ni ba kati ne ya kashe ni ba, yarda da masu ofis ne. Shekara da shekaru ina karɓar adashin matan layinmu, masu koko da ƙosai, masu waake, masu sayar da gawayi. Kullum da yamma in zaga da ɗan littafina in sa alama, ƙarshen wata kowa ta karɓi nata in cire na kwana ɗaya. Ba a taɓa jin kanmu ba. Sai wasu yara masu ɗamara da taye suka fara zuwa har zaure, Hajiya ajiye kuɗi a gida haɗari ne, gobara, ɓarayi, kawo mu ajiye miki. Na kai. Suka ce tunda ke tamu ce ga rance ki ƙara jarin atamfa. Na karɓa. Ƙarshen watan Mayu 2019 Babban Banki ya soke lasisin ƙananan kamfanonin kuɗi 347 rana ɗaya, nawa yana ciki. Da safe na je na tarar da kwaɗo a ƙofa da takarda a manne. Miliyan ɗari da tamanin na mutane yana ciki. Kwana kaɗan ya rage a yi ƙaramar Sallah. Kun san abin da ake nufi da mace ta tara kuɗin kayan Sallar 'ya'yanta wata da watanni, ta zo ƙofarki ta tsaya? Ba ta zage ki ba, tsayuwa kawai ta yi da goyo a baya. Wata tsohuwa mai gawayi ta ce min, Magajiya ni ban san kamfani ba, ke na ba. Gaskiyarta. Na fitar da sarƙata da awarwaro na Makka na kai Adum aka auna, na sayar da firiza, na sayar da atamfofin a faɗuwa. Abin da ya fi ƙona min rai, rancen da na ci bai mutu da kamfanin ba, aka ci gaba da nemana in biya, nawa kuma aka ce in kawo takardu in jira tantancewa. An biya ni daga baya, ba zan yi ƙarya ba. Amma lokacin jari ya tafi, kuma matan sun koma wajen wata. Yanzu ko takardar suna aka miƙo min sai na tambaya ina ne wurin sa hannu.

Sisi Tafo:
Innalillahi. Hajiya miliyan ɗari da tamanin?!

Tela Asawase:
Tsohon lissafi ne Sisi, sidi 18,000 take nufi. Tun 2007 aka yanke sifili huɗu, su Hajiya har yau ba a sanar da su ba.

Magajiya Aboabo:
Kai yaro, da wanne lissafin na biya ba ruwanka. A tsohon ya fi zafi, shi ya sa nake faɗa da shi.

Baban Iman:
Allah ya saka miki Hajiya. Maƙwabcina ma haka, nasa a watan Agusta na shekarar ne, lokacin da aka rufe kamfanonin ajiya da lamuni 23. Hawan jini ya same shi.

Mai Lissafi:
Allah ya ƙara haƙuri Hajiya. Amma bari mu koma kan tambayar, don a banki nake aiki. Ɗan Alabar, abu na farko, maganar babu ruwa gaskiya ce in ka biya DUKA. Za su turo maka wani ɗan adadi su ce shi ne mafi ƙarancin biya. In ka tsaya a kansa, ragowar ruwa yake haihuwa kowane wata. Kuma in ka zari tsabar kuɗi da katin a na'ura, yawanci daga ranar ruwa yake fara hawa, ga kuɗin zara. Sannan odarka da dala ce, banki da nasa farashin zai canza, ba na 'yan canjin Alabar ba, har da ɗan ƙari a kai. Kaya daga Sin ta jirgin ruwa sukan fi wata a hanya, wato ranar biya za ta iya riga kayan isowa. Ka tambaye su kuɗin shekara nawa ne, a rubuce. Batun suna kuwa, Boga bai yi kuskure duka ba. Muna da dokar tattara bayanan masu bashi tun 2007, bankuna suna tura rahoto ga kamfanonin da ke tattara bayanan, irin su XDS, kuma yanzu komai a ɗaure yake da katin ɗan ƙasa, Ghana Card. Kana da damar neman rahotonka ka ga ko wancan kamfanin ya rubuta ka gama biya.

Alhaji Kwadaso:
Wannan duk turancin masu ofis ne. Kai da ake ba ka lada in ka raba kati, za ka ce kar a karɓa? Ni albasa nake kawowa daga Nijar shekara fiye da talatin. A Galmi ana loda min mota da baki kawai, in sayar in aika. Da aka yi juyin mulki a 2023 aka rufe iyaka, kayana suka ruɓe a hanya, mutanen suka ce Alhaji biya a hankali. Wane kati zai ce maka haka?

Mai Lissafi:
Baba, ban ce ya karɓa ba. In oda ce kawai, katin cire kuɗinsa na Visa ma zai biya, daga abin da yake da shi. Amma shi ba Galmi yake sari ba, mutumin Guangzhou bai san kakansa ba.

Boga na Bronx:
Wanda bai taɓa riƙe katin ba ya daina ba da fatawa.

Malam Sawaba:
Ban taɓa shan giya ba, ina kuma hana ta.

Tela Asawase:
Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Nawa dai ya kumbura, likita ya ce in rage koko.

Sisi Tafo:
Ƙawata tana da katin, ta ce kuɗin ruwan uku cikin ɗari ne a wata.

Baban Iman:
Uku ina? Ɗan'uwana ya ce fiye da arba'in.

Mai Lissafi:
Ɗaya na wata yake faɗa, ɗaya na shekara. Ba su yi nisa da juna ba.

Tela Asawase:
Ni fa a bar zancen banki. Ɗan Alabar, tsakaninka da Allah, dala ce kaɗai ta karya ka? Nawa ne a littafinka na 'yan "kawo zan turo maka da yamma"? Ni ɗinkin babbar Sallar bara har yau akwai masu riƙe da kuɗina. Mutum ya sa kaftanin ya zo ya wuce ta gaban shagona, har ya ɗaga min hannu.

Magajiya Aboabo:
Ka taɓo inda ke ciwo. Mata nawa suka ɗauki atamfar anko a wajena, an yi biki, an haihu, an yi suna, yaron yana makaranta. In ka yi magana a ce don ka ga kana da shi ne.

Alhaji Kwadaso:
Na dangi ya fi muni. Ba ka isa ka kai ƙara wajen sarkin zango ba, sai a ce ka tona asirin gida.

Ɗan Alabar:
Tela, ya kai 7,000, kuma rabinsa 'yan unguwa ne. Amma har yanzu ban ji wanda ya karye a nan Ghana ya sake karɓar katin ba. Jumma'a suka ce in zo da Ghana Card.

Tela Asawase:
Wasu daga cikin masu kaftanin suna nan suna karantawa. Ba zan kama suna ba. Ruwan toka, mai aiki a wuya.

Baban Iman:
Tela in da ni kake, hannun rigar bai kai ba, kuma na faɗa maka tun ranar.

Tela Asawase:
Amma da ita ka je Idi.