Neman shawara: "tuviera" da "if I were" sun ɗaure mini kai

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata takwas ke nan ina koyon Sifaniyanci, ina shirin zana jarrabawar DELE, ta ƙwarewa a Sifaniyanci, matakin B2 don neman gurbin karatu a Sifaniya. Komai na tafiya daidai har muka iso darasin da suke kira imperfecto de subjuntivo. Na rubuta "si tendría dinero, viajaría", ina nufin "da ina da kuɗi da na yi tafiya", malama ta ja jan layi ta ce "si tuviera" ake cewa, wai kamar "if I were you" ne a Turanci. Ni kuwa ko wannan "were" ɗin ban taɓa sanin dalilinsa ba, hadda kawai muka yi a sakandare. Don Allah wanda ya sani ya taimaka, abin ya fara hana ni barci.

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kwantar da hankalinka, kullum kana faɗin abin nan da Hausa. Dubi "in na samu kuɗi zan tafi" da kuma "da ina da kuɗi da na tafi". Na farko mai yiwuwa ne. Na biyu kuwa ka san babu kuɗin, zato kawai kake yi. Aikin "were" ke nan. Turanci ya zubar da kusan duk wannan siga, a "were" kaɗai take fitowa fili: "if I were", "I wish she were here". A hira za ka ji "if I was" sosai, amma a rubutu riƙe "were".

Yaya daga Madrid: Malam ya yi gaskiya. Ni ma na yi irin kuskurenka, kuma na gano tushensa: a Hausa "da" muke sa wa ɓangarorin biyu, sai hannu ya so sa "-ría" nan da can. Sifaniyanci raba su yake yi. Bayan "si" sai "tuviera", a sakamakon kuma "viajaría". Ginin ba wuya. Ɗauki shuɗaɗɗen aiki na "ellos", wato "su", ka cire "-ron", ka sa "-ra": tuvieron, tuviera; hicieron, hiciera; dijeron, dijera. Babu aikatau ko ɗaya da ya kauce wa wannan. In ka ga kana tuntuɓe, to shuɗaɗɗen aikin ne bai zauna ba, can za ka koma. Kada ka manta alamar da ke kan "é" a "tuviéramos", sigar "mu".

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, Yaya. To "tuviese" fa da nake gani a littattafai?

Yaya daga Madrid: A irin wannan jimla ma'anarsu ɗaya. Ta "-ra" ta fi yawo a baki, musamman a Latin Amurka. Ka riƙe ta, ka dai gane ɗayar in ka haɗu da ita. A roƙo cikin ladabi kuwa "quisiera un café" ake cewa, ba "quisiese" ba.

Ɗan Damagaram: Ƙari kaɗan, ɗan'uwa. Akwai kalmar fata "ojalá" da ita ma ke tafiya da wannan siga. Daga Larabci ta samo asali, sunan Allah ne a ƙarshenta. "Ojalá venga" fatan ya zo ne, "ojalá viniera" kuwa daidai take da "da ma zai zo". Ni jimla biyar nake rubutawa kowace safiya da "da ma", in mayar da su Sifaniyanci. Turo naka gobe mu duba tare.