Kwana uku a Madrid ni da Baba: ina za mu iya zuwa mu dawo a yini ɗaya?

Abban Nana:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka san Sifaniya. Wurin aiki ne za su tura ni taro Madrid cikin watan Yuli, to sai na nema wa mahaifina biza mu tafi tare kuma cikin ikon Allah an ba shi. In an tashi taron muna da kwana uku cur a hannu, otal an riga an biya a Madrid ɗin saboda haka ba ma son kwana a wani gari, mu fita da safe mu dawo da dare kawai. Baba malamin zaure ne, tun muna yara muke jin Andalus a bakinsa, babban burinsa ya ga masallacin Ƙurɗuba, wato Cordoba, da idonsa. Da na duba taswira sai na tsara haka: ranar farko Toledo da safe daga can mu zarce Cordoba tunda duk kudu suke, rana ta biyu Granada, ta uku Segovia. Zai yiwu kuwa? Ya haura shekara 70 kuma gwiwa tana damunsa, ga kuma batun abinci da wurin sallah.

Ɗan Damagaram:

Wa alaikumus salam. Allah ya saka maka da alheri da ka tuna da tsoho. Amma gaskiya tsarin nan naka ko matashi zai jigata balle dattijo. Na daɗe a Madrid, bari in fara da ranar farko: babu jirgin ƙasa daga Toledo zuwa Cordoba kai tsaye, layin a Toledo yake ƙarewa, dole sai kun dawo tashar Atocha a Madrid sannan ku hau wani, kaga yinin ya tafi a hawa da sauka. Kowane gari ka ba shi ranarsa.

Toledo wajen rabin awa ne daga Atocha. Cordoba kuma awa biyu ba kaɗan a jirgi mai gudu duk da nisan ya kai kilomita 400. Granada ka cire ta, sama da awa uku ne zuwa sama da uku dawowa, sannan Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan musulmi da ke can, ba wurin da za ka je ƙofa ka sayi tikiti ba ne a watan Yuli, tun da makonni ake kamawa ta intanet da suna da lambar fasfo kuma su ba ka lokacin shiga fadar, in ka makara ya wuce ka.

Ka sayi tikitin zuwa da na dawowa tare tun yanzu, musamman na Cordoba don kuɗin hawa yake yi in ranar ta matso, ka duba kamfanonin jirgin ƙasa Renfe da Iryo ka ɗauki mai sauƙi. Kuma ku isa tasha da wuri sbd ana saka jaka a na'ura kamar filin jirgin sama, Atocha ɗin ma babba ce, mai ciwon gwiwa sai ya ɗauki lokaci kafin ya kai bakin jirgi.

Maman Haidar:

Ƙanina ni dai zafin zan ja maka kunne a kai. Kar ka ce ai mu 'yan rana ne, Cordoba a Yuli tana wuce digiri 40 kuma a ƙafa za ku yi ta yawo a kan dutse. Ku ɗauki jirgin sassafe, kuna sauka ku hau tasi ya kai ku kusa da masallacin, kar ka bari Baba ya taka daga tasha. Ku gama da shi kafin azahar, da rana ta take ku samu wuri mai sanyi ku zauna, su kansu 'yan garin rufe ƙananan shaguna suke yi su shige gida sai la'asar sakaliya.

Abu na biyu kuma shi ne ma ya sa na yi magana, ka shirya zuciyar Baba tun daga gida. Wurin yanzu coci ne, tun 1236 da aka ci garin aka mayar da shi, daga baya ma aka gina babbar majami'a a tsakiyarsa, kuma ba a yarda musulmi ya yi sallah a ciki ba, dokar wurin ce. Gara ya ji a bakinka kafin ya shiga da niyyar raka'a biyu. Ni ranar da muka je wlh da na shiga daga hasken tsakar gidan nan mai bishiyoyin lemo sai da na tsaya idona ya saba da duhu, sai ga ginshiƙai jere jere iya ganinka, sama da 800, kowanne da baka biyu a kansa ɗaya bisa ɗaya ja da fari. Da muka kai mihirabin akwai shinge ba a matsawa sosai amma ana ganin rubutun ayoyi da ruwan zinare, mijina ya tsaya yana karantawa a hankali ni kuma hawaye kawai nake. Sallah ku yi ta a waje, akwai ƙaramin masallaci a cikin lambun Colón ba nisa da tashar jirgi.

Abinci kuma ku kula, mutanen nan alade a komai suke sa shi, har cikin wake da miya, wani cincin ɗin nasu ma da kitsensa ake yi. Ka haddace "sin cerdo" wato banda alade, in ka rasa ku ci kifi ko wainar ƙwai da dankali. A Madrid unguwar Lavapiés akwai gidajen abincin 'yan Senegal da Bangladesh, Baba zai samu shinkafa da miya irin wadda ya saba.

Almajirin Tarihi:

Masha Allah. Tunda malami ne ka gaya masa a Cordoba garin su Ibn Rushd da Ibn Hazm da Imam Ƙurɗubi mai tafsiri zai taka, shi ma Alfazazi mai Ishiriniyar nan da ake rerawa a Kano da Zariya lokacin Mauludi a can aka haife shi. Masallacin Abdurrahman na ɗaya ne ya fara gina shi wajen 785, mihirabin da Hajiya ta ambata kuma aikin Alhakam na biyu ne. Ni a ganina in da hali ku leƙa Madinatuz Zahra, kilomita 8 ne daga gari, birnin da Abdurrahman na uku ya gina.

Toledo ita ce Ɗulaiɗila a littattafai, ta fita hannun musulmi tun 1085. Akwai ɗan masallaci na Babul Mardum da aka gina a 999, yanzu Cristo de la Luz ake ce masa, ƙarami ne sosai bai fi falo ba amma in ka ɗaga kai ƙananan ƙubba tara ne kowacce da irin zanenta. Dandalin garin ma Zocodover sunan daga larabci ne, kasuwar dabbobi. Kuma kar ku raina Madrid kanta, Sarki Muhammad na ɗaya na Ƙurɗuba ne ya kafa ta a ƙarni na 9, ragowar ganuwar tana nan gefen cocin Almudena kusa da fadar sarki.

Ɗan Damagaram:

Malam ban yarda da zuwa Madinatuz Zahra ba a wannan tafiyar, kango ne a jikin tudu babu inuwar kirki, sai ka je gidan tarihin a ƙasa sannan bas ta hau da kai, ga matakala, a rana irin ta Yuli da tsoho mai gwiwa bai dace ba. Ranar Litinin ma a rufe yake.

Toledo ma a kan tsauni take, kogin Tajo ya zagaye ta, lungunan duk hawa da gangara ne. Daga tasha ku hau tasi ko bas har Zocodover, ko ku bi ta matakalar lantarki da aka yi a jikin tudun. Abin da nake yi wa baƙina dattijai shi ne in ce wa mai tasi ya fara kai mu Mirador del Valle a tsallaken kogi, a ga garin gaba ɗaya a tsaye wuri ɗaya, sannan a shiga ciki a zaɓi wuri biyu ko uku.

Abban Nana:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Baba saƙon Hajiya ya yi shiru can ya ce ko ba sallah zai je, ganin ma ya ishe shi. Granada mun haƙura. To Segovia fa a rana ta uku?

Maman Haidar:

Segovia tana da kyau, akwai gadar ruwan Rumawa mai tsayin kusan mita 28 da aka jera duwatsunta ba siminti ba komai, kuma jirgin daga tashar Chamartín yake tashi ba Atocha ba, tashar can ɗin ma tana wajen gari sai an ƙara da bas. Amma abincin da garin ya shahara da shi gasasshen ɗan alade ne, kuma ba abin da Baba ya zo nema a can. Da ni ce Cordoba zan sa ranar farko yana da ƙarfinsa, ta biyu ya huta a Madrid ku je babban masallacin garin da ke bakin titin M-30 da ganuwar da Malam ya faɗa da yamma in rana ta yi sanyi, ai magariba sai kusan goma saura take yi a lokacin, ta uku sai Toledo tunda kusa ce ko ya gaji da azahar kuna iya juyowa. Ka tafi masa da sandarsa da takalmi mai taushi, duwatsun lungunan nan suna da santsi.