Farin ɗigo a idon yaro: abin da aka tattauna a Garwa

A zaman da iyaye mata suka yi da wata ma'aikaciyar jinya a Garwa, an fi daɗewa kan sankarar ido ta yara, wadda likitoci ke kira retinobilastoma. Galibi tana kama 'yan ƙasa da shekara 5.

Alamar da aka fi nanatawa: tsakiyar baƙin ido ya riƙa ƙyallin fari kamar na kyanwa da dare, musamman a hoton waya mai filasha. Wani yaron kuma harara-garke ne zai fito masa kwatsam. Wata dattijuwa ta ce ai hakiya ce, tozali ya isa. Aka ce mata a'a, Hajiya, ƙarin sankara ne da ke can cikin ido, kuma jinkiri na ba shi damar bin jijiyar gani zuwa ƙwaƙwalwa.

Likitan ido kan sa yaro barci ya duba sosai, a yi hoton ido. Ƙaramin ƙari ana ƙone shi da hasken leza ko a daskarar da shi, tare da allurar maganin sankara. Babba kuwa, sau da yawa sai an cire idon a sa na roba. Nan aka yi ta muhawara, amma a ganina ran yaro ya fi.

Ana iya gadon cutar, don haka a kai ƙannen yaron ma a duba su.