Neman shawara: wace firinta zan saya in riƙa rubutu a jikin faifan CD na tafsirin mahaifina?

Ɗan Malam:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ya kwana biyu yana cin raina. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya shekara 22 yana tafsirin dare a masallacin unguwarmu a nan Kano duk azumi. Tun ina yaro akwai wani almajirinsa da yake ajiye rikoda a gindin lasifika yana ɗauka a kaset. Bayan rasuwa muka buɗe wata tsohuwar adaka a ɗakinsa na zaure, muka tarar da ita shaƙe da kaset. Wasu an rubuta shekara da sura da biro, wasu ba komai a jikinsu, wasu zaren ya manne saboda zafi. Wata bakwai na yi ina juye su cikin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, da daddare in na taso daga shago. Wanda zarensa ya tsinke in kwance shi da sukundireba, in haɗa da salatif, in naɗe da biro. A wani kaset ɗin har tarinsa ana ji, mai jan baƙi ya dakata yana jiransa ya kurɓi ruwa. Ranar da na kunna wa Hajiyarmu wannan wurin, tashi ta yi ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai da asuba.

To yanzu so nake in ɗora karatun a faifai in raba sadaka ga almajiransa da dangi kafin azumi. Na fara rubutawa da maka, Yayanmu ya ce bai kamaci karatun Malam ba, kamar faifan da ake sayarwa a baro. Na koma sitika, na buga na liƙa a guda goma, sun yi kyau. Na ba Kawunmu ɗaya, ya sa a motarsa, ya ƙi fitowa, sai da aka kwance rediyon. Har yau in mun haɗu sai ya yi zancen. An ce min akwai firintar da take bugawa a jikin faifan kai tsaye. Na shiga wani shago mai shagon ya ce in ɗauki Epson L3250, wai tana komai. Ban dai biya ba tukuna. Wacce zan saya? Ina tsoron in zuba kuɗin da na daɗe ina tarawa a abin da ba zai yi ba.

Maman Ƴan Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam, ya sa wannan aiki ya zame masa sadaka mai gudana. Wallahi ka sa ni hawaye. Mu namu kaset ɗin na Baba ruwa ya cinye su shekarar da ɗakin ya yi yoyo, ko muryarsa ba mu da ita. Na yi ta faɗa wa yayyena a kwashe su daga ƙasa, ba wanda ya saurare ni don ni ce ƙarama. Ban san komai a kan firinta ba, addu'a kawai na zo yi maka.

Injiniya Mai Gyara:
Ƙanina, gode wa Allah da ba ka biya ba. L3250 ba ta bugu a jikin faifai, ita da L3110 duk na takarda ne, kala huɗu. Wanda ya ce maka tana komai kayansa yake so ya sayar. Firintar da take wannan aiki tana da wani tire na roba mai gurbin faifai a tsakiya, ka kwantar da faifan a ciki ka tura ta gaba, ta ja shi ta buga ta turo maka. In ba ka ga wannan tiren a kwali ba, ka juya ka fita. Kuma kar wani ya ruɗe ka da firintar leza mai hoda, ita da zafi take aiki, faifai ba ya bi ta cikinta.

Shekarata 14 ina gyaran firinta, don haka ka saurare ni. Abin da za ka saya shi ne Epson L805, ko wadda ta gaje ta, L8050. Kala shida ne, tanki gare su, tawada kake ɗurawa daga kwalba, ba katirij ba. Masu ɗakin hoto da masu katin shaida su suke amfani da su, shi ya sa ko ta samu matsala ba ka rasa mai taɓa ta ba. Ka leƙa Beirut Road ka zagaya shago uku ko huɗu kafin ka yi ciniki.

Sannan faifan ma ba kowanne ba ne. Mai ƙyalli da kake gani na yau da kullum ba ya shan tawada, kana bugawa za ta kwanta a kai kamar an zuba ruwa a faranti. Sai ka nemi mai farin baya, wanda aka yi don bugu. A cikinsu ma akwai wanda farin ya kai har kusa da ramin tsakiya, akwai wanda ya tsaya nesa, sai ka saita awon a kwamfuta daidai da wanda ka saya, in ba haka ba tawada ta ɓata maka tire.

Sitika kuwa ka manta da ita. Zafin mota yana narka gam ɗin, bakin takardar ya ɗago ya maƙale a ciki, abin da ya samu Kawu ke nan. Ko ba ta ɗago ba, in ta karkace kaɗan faifan ya riƙa rawa yana juyi. Kuma kar ka ce za ka ɓamɓare ta daga sauran taran. A CD, shimfiɗar da karatun yake ciki tana dab da saman da ake liƙa takardar, kana ja sai ta taho da ita.

Mai Turin Waƙa:
Yallaɓai a wannan zamanin wa yake kunna CD? Ko sababbin kwamfutocin hannu ba sa zuwa da wurin faifai. Ka sayi memori ka zuba, tsofaffi su sa a ƙaramar rediyonsu mai caji. Ko ka buɗe zaure a WhatsApp ko Telegram ka riƙa sakewa kullum darasi ɗaya. Kuɗin firintar ya ishe ka memori mai yawa.

Ɗan Malam:
Na gode Injiniya, Allah ya saka da alheri. Mai Turi, na san da memori, ai a shago nake wuni. Amma mutanen da nake nufi dattawa ne, da yawansu akwai na'urar DVD a falo, motocinsu ma masu faifai ne. Memori kuma jika zai zare ya goge ya zuba waƙa, na gani da idona. Faifai in an rufe shi ba mai goge shi. Kuma Hajiya so take ta riƙe abu a hannu da sunansa a jiki.

Mai Kyamarar Biki:
Ni ban yarda da Injiniya gaba ɗaya ba. Shekara da shekaru na yi ina buga faifan biki da Canon iP7240, kala biyar, ita ma tana da tiren faifai. Abin da nake so da ita, kan da yake fesa tawadar ana iya ciro shi a wanke ko a canza, na Epson kuwa a kafe yake, sai an kai wa irinsu Injiniya sun kwance. Ga mai ɗan aiki kaɗan ta wadatar. Mu dai sana'ar ce ta mutu a hannunmu. Da can ango zai karɓi faifai ashirin ya raba wa dangi, da hoton amarya a jiki. Yanzu ka wuni a tsaye da kyamara a kafaɗa, ka kwana kana haɗawa, a ce ka turo ta waya, cikon kuɗin ma sai ka yi ta sintiri. Akwai wanda ya riƙe min ciko tun kafin a haifi ɗansa na fari, yaron yanzu yana makaranta.

Injiniya Mai Gyara:
Malam Mai Kyamara, iP7240 tsohuwa ce, katirij take ci, in ya same ta ma ta hannu zai samu. Ka faɗa masa sau nawa ka sayi katirij a shekara? Yaron nan tanki ne ya dace da shi, magana ta ƙare. Kai kuma ƙanina har yanzu ba ka faɗi abin da ya fi komai ba. Faifai nawa za ka yi? Nawa ke hannunka? Kuma bayan azumi me za ka yi da firintar? Domin duk firintar tawada, kowane kamfani ne ya yi ta, in ta zauna sati-sati ba bugu tawadar tana bushewa a kai, balle da ƙurar hunturu. Rabin waɗanda ake kawo min zama ne ya kashe su, sai kuma tawadar bogi. Dole duk sati ka buga ko da shafi ɗaya ne, ka rufe ta da ƙyalle, ka haɗa ta da UPS, wato akwatin batirin da ke riƙe wuta, saboda ɗaukewar wuta tana tsakar aiki.

Ɗan Malam:
Mutum 150 na rubuta a takarda. Tafsirin shekara ɗaya zan fara da shi, kaset 29 ne masu minti 90.

Injiniya Mai Gyara:
To ka ga inda gizo ke saƙar. Faifan CD na sauti zalla minti 80 yake ɗauka, kaset ɗinka ɗaya ma ba zai shiga ba sai an raba. A haka kowane mutum zai tashi da faifai sama da 30, sau 150, ka haura 4,500. Da tire ɗaya, kana sawa kana cirewa, ba za ka gama kafin azumi ba ko ka daina barci. Mayar da su MP3. Faifai yana cin megabait 700, in ka matse muryar a 64 kbps, wato awon matsin sauti, zai ɗauki kusan awa 24, karatunka kuma awa 43 da rabi ne. Faifai biyu ke nan kowane mutum, 300 gaba ɗaya. A lissafina na minti uku kowanne da sawa da cirewa, awa 15 ne. Wannan L8050 za ta yi shi ba ko gumi.

Mai Kyamarar Biki:
Amma ba kowace tsohuwar rediyon mota ce take karanta MP3 ba. Na'urar DVD ta falo yawanci tana yi, mota kuwa sai wadda aka rubuta a fuskarta.

Tsohon Ɗan Kofar Wambai:
Ɗana, ni na yi harkar faifai lokacin da kasuwar take kasuwa. Don faifai 300 ba a sayen inji. Ka nemi masu buga riga da leda da allon siliki, su yi maka kala ɗaya ko biyu, sunan Malam da shekara, fenti ne da ruwa ba ya wanke shi. Wannan tawadar ta kwalba da ake yaba maka, mutum ya taɓa da jiƙaƙƙen hannu bayan alwala sai ta yi jirwaye, sai dai in ka samu faifai mai hana ruwa, shi kuma ya fi tsada. Manyan masu yi da yawa inji ne da su mai hannu, irin Epson PP-100, ka jera masa faifai 100 ya ɗora ya buga da kansa, wannan ba naka ba ne. Mu da muka zuba jari a injin kwafi mai bakin goma, yau yana ɗaki kaji na kwana a kai. Yaran da na koya wa aiki ko gaisuwa babu.

Malamar Islamiyya:
Ɗan'uwa, ko wacce ka saya, don Allah kar ka buga aya ko Bisimilla a jikin faifan. Faifai yana karcewa a yar da shi, yara su yi wasa da shi a ƙasa. Sunan Malam da sura da shekara sun isa. Ni da za ka ji tawa, hotonsa ma ka bar shi.

Ɗan Malam:
Malama, maganar aya na karɓa, ban yi wannan tunanin ba. Hoto kuwa Hajiya ce ta zaɓa da kanta, wanda yake zaune da Jalalaini a gabansa, ba zan iya ce mata a cire ba. Baba na Kofar Wambai, na gode, amma kala ɗaya ba zai fitar da hoton ba. Kuma shekara 22 ce a adakar nan, wannan ta farko ce kawai, ba zan riƙa bin masu bugu duk shekara ina roƙo ba. Na taɓa kai katin ɗaurin auren ƙanwata wani wuri, sai ana gobe suka ba mu, sunan ango ma ba daidai ba. Aikin Malam da hannuna nake so in yi shi.

Wani Ɗalibi:
Akwai LightScribe fa, na'urar ɗora faifan ce da kanta take zana rubutun da haske in ka kifa shi. Ba tawada ba komai.

Injiniya Mai Gyara:
Wannan fasahar HP ce ta wajen 2004, an daina yin ta tuntuni. Faifanta na musamman ne, ba kala, guda ɗaya yana cin minti ashirin ko fiye in kana so ya fito sosai. Kar ku ruɗa shi. Ƙanina, L8050 sabuwa a kwali, tawadarta ta asali, faifai mai farin baya. Kafin ka biya su buga maka gwajin layukan kala shida a gabanka, su buga faifai ɗaya ka gani.

Ɗan Malam:
Sabuwar ta fi ƙarfina, na tambaya ɗazu ta waya. Amma wani maƙocin shagonmu yana da L805 ta hannu, ya ce tiren ne kawai ya ɓata, kuma ta kai wata takwas a ajiye. Mutumin kirki ne, tare muke sallah, ba zai cuce ni ba. Ya ce in kawo rabi yanzu.

Injiniya Mai Gyara:
Wata takwas a ajiye, ba tire? Duk bayanin da na yi a sama fa? Kirkinsa ba zai buɗe kan da ya toshe ba.

Mai Kyamarar Biki:
Tiren ana samunsa daban, ba wani abu ba ne. Ni dai da Canon ɗin ka nema.

Mai Turin Waƙa:
Ko dai ka turo min karatun in zuba maka a memori goma ka gwada tukuna?

Ɗan Malam:
Na riga na ce masa zan zo gobe bayan la'asar in gani, ba daɗi in fasa. Injiniya, in na ɗauko hoton gwajin layukan zan sa a nan ka duba min. Wai tiren L800 yana shiga L805? Kuma a ina ake samun faifai mai farin bayan a Kano yanzu? Shago biyu na tambaya duk mai ƙyalli ne da su.