Shiga ASEAN ce ta ɗaga Biyetnam, ko gayaunar manomi?

Nafisa: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Jiya a aji malaminmu ya faɗi wata magana da ta tsaya mini a rai. Ya ce duk arzikin da Biyetnam ta yi, tushensa rana ɗaya ce, 28 ga Yuli 1995, ranar da ta shiga ASEAN, ƙungiyar ƙasashen kudu maso gabashin Asiya. Wai da ba ta shiga ba, da har yau tana cikin ƙangin talauci. Ni dai maganar ta shige ni, domin ƙasar da ta sha ruwan bama-bamai shekara da shekaru yau ita ke haɗa wayoyin da ke hannunmu. Amma ina so in ji ta bakinku.

Malam Habibu: Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminku ya ɗauko zancen daga tsakiya. Koma baya shekara tara. A 1986 hauhawar farashi a ƙasar ta haura kashi 700 cikin ɗari, albashin wata ba ya kai mutum mako. A watan Disamban shekarar jam'iyyar kwaminis ta yi babban taronta na 6, ta amince da gyaran da suke kira Doi Moi, wato sabuntawa. Amma abin da ya juya ƙasar ya faru ne a gona. A da manomi yana aiki ne a gonar haɗaka ta hukuma, kamar gandun da ba na ubanka ba, ana rubuta maka kwanakin aiki, a ba ka abin da aka ga dama. An bar wa iyalai ɗan fili, kashi 5 cikin ɗari na ƙasar noma, kamar gayauna. Kowa ya san inda mutum ke zuba ƙarfinsa tsakanin gandu da gayauna. A 1988 sai aka raba gonakin ga iyalai, aka ce ka biya abin da ke kanka, sauran amfanin naka ne, ka kai kasuwa. A wannan shekarar ana fama da ƙarancin abinci a arewacin ƙasar. Shekara ɗaya tak bayan haka, a 1989, Biyetnam ta fitar da shinkafa sama da tan miliyan ɗaya zuwa waje. Ina ASEAN a lokacin? Ko gaisawa ba sa yi.

Injiniya Bashir: Malam, Allah ya ƙara lafiya, ba na musun labarin shinkafa. Amma da girmanka, shinkafa kaɗai ba ta kai ƙasa mai mutum miliyan 100 inda Biyetnam take yau. Ka tuna halin da take ciki a farkon shekarun 1990. Tarayyar Sobiyet da ke ba ta mai da taki da bashi ta rushe a 1991. Amurka ta ƙaƙaba mata takunkumin ciniki. Maƙwabtanta na ASEAN sun juya mata baya tun da sojojinta suka shiga Kambodiya a ƙarshen 1978. Mai kaya ne a tsakiyar kasuwa, amma babu mai taya masa. Sai da ta janye sojojin a 1989, aka yi yarjejeniyar zaman lafiyar Kambodiya a Paris a 1991, sannan ƙofofi suka fara buɗewa. Shiga ASEAN ita ce shaidar da mai kuɗi a Singafo ko Japan yake jira, cewa wannan ƙasa ta daina zama abin tsoro. A 1996 aka kafa unguwar masana'antu ta haɗin gwiwa da Singafo a lardin Binh Duong, kusa da birnin Ho Chi Minh. Wa zai zuba kuɗinsa a can tun maƙwabta na yi mata kallon abokiyar gaba?

Malam Habibu: Dokar da ta ba baƙi damar zuba jari tun Disamban 1987 aka yi ta, Injiniya. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Injiniya Bashir: An yi doka, Malam, amma doka a takarda daban, mutum ya yarda ya ɗauko dukiyarsa daban.

Hajiya Rabi: Ku bari in shigo, domin ni ina ganin ku duka biyun kun bar babban mai saye a waje. Mu 'yan kasuwa abin da muke fara tambaya shi ne, wa ke sayen kayan? A cikin abin da Biyetnam ke fitarwa, ƙasashen ASEAN gaba ɗayansu ba sa ɗaukar fiye da kusan kashi 10 cikin ɗari. Amurka ita kaɗai tana ɗaukar kusan kashi 30. Yarjejeniyar ciniki tsakaninta da Amurka ta fara aiki a Disamban 2001, kuɗin fiton da ake ɗora wa kayanta ya faɗo daga wajen kashi 40 zuwa abin da bai kai 5 ba. Cikin shekara ɗaya kayan da take kaiwa Amurka suka ninka, daga kimanin dala biliyan 1 zuwa sama da biliyan 2. Riguna, takalma, kifi, kujeru. Maƙwabtan nata kuwa abokan gasa ne. Tailan na sayar da shinkafa, ita ma tana sayarwa. Indunusiya na ɗinka takalmi, ita ma haka. Mai tumatir ba ya arziki da mai tumatir na kusa da shi.

Injiniya Bashir: Hajiya, ki dubi kwanan wata. Amurka ta ɗage takunkumi a Fabrairun 1994, ta maido da hulɗar jakadanci ranar 11 ga Yuli 1995, kwana 17 bayan haka Biyetnam ta shiga ASEAN. Tafiya ɗaya ce. Sannan wayar da ake kaiwa Amurka, daga ina kayan cikinta ke fitowa? Samsung ta buɗe masana'anta a Bac Ninh wajen 2009, ta ƙara wata a Thai Nguyen bayan 'yan shekaru, duk a arewa, kusa da iyakar Sin. Sassan wayar na shigowa ne daga Koriya ta Kudu da Sin, kuma yarjejeniyoyin da suka fara sauƙaƙa shigowar irin waɗannan kaya ASEAN ce ta ƙulla su da waɗannan ƙasashe a matsayin ƙungiya. Biyetnam ita kaɗai a wancan lokacin ba ta da nauyin da za ta zauna da Sin a yi ciniki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Malam Habibu: To ga tambaya ɗaya, ka amsa mini ita. Miyanma ta shiga ASEAN a 1997, shekara biyu kacal bayan Biyetnam, tare da Laos. Ita ma tana da shinkafa, tana da teku, tana da mutane, tana iyaka da Sin. Duk yarjejeniyar da ka lissafa ita ma tana ciki. Me ya sa Samsung ba ta je can ba?

Injiniya Bashir: Mulkin sojoji, Malam. Da takunkumin Turawa da ya daɗe a kanta.

Malam Habibu: Madalla. Ke nan katin zama ɗan ƙungiya bai isa ba.

Alhaji Sabo: Salamu alaikum. Ina ta karantawa ina kan hanya, yanzu na samu zama. Ni ba ɗan boko ba ne, amma gani ya kori ji. Shekara goma sha ina sayen ƙwallon kashu a Kogi da Kwara, ina sayar wa masu kaiwa Biyetnam, har Allah ya yi na je da kaina yankin Binh Phuoc inda ake fasa shi. Abin da na gani bai bar ni na yi barci ba a daren. Na shiga wani sito, ga buhuna jibge har rufi, na Kwaddibuwa, na Gana, ga irin namu da na san ɗinkin bakinsu. A ɗaki na gaba inji ne ke fasawa, kuma mai wurin ya ce mini a ƙasar ake ƙera shi. Mata na zaune layi-layi da hula da safar hannu suna tsince wanda ya karye, suna ware fari da mai tabo. Wutar lantarki ba ta ko ƙifta ba tun safe har la'asar. Mai masana'antar ba wani hamshaƙi ba ne, ya ce mahaifinsa manomi ne da aka ba shi fili, da kuɗin gonar suka fara da fasawa da hannu a tsakar gida. Shi ya sa maganar Malam ta fi kama ni. Amma da na tambaye shi ina yake kaiwa, sai ya ce Amurka, Sin da Turai. Nan kuma Hajiya ta yi gaskiya.

Nafisa: Baba Alhaji, ke nan kashun da muke saye a kanti cikin leda mai kyau, wataƙila namu ne ya je ya dawo?

Alhaji Sabo: Ba mamaki, 'yata. Abin da ke ci mini rai ke nan.

Isuhu: Ina gaida manya. Akwai waɗanda ba a ambata ba, su ne waɗanda buɗe iyakar ya taka. Daga 1 ga Janairun 2020 Biyetnam ta cire shingen da ta yi wa sukarin ƙasashen ASEAN, domin ta yi alkawari, har ta nemi a ɗaga mata ƙafa na shekara biyu kafin nan. Sukarin Tailan ya kwararo da araha, masana'antun sukari na gida suka yi ta rufewa, manoman rake suka rasa mai saye. A 2021 gwamnati ta ɗora wa sukarin Tailan haraji na kusan kashi 48 cikin ɗari. Motoci ma haka, tun 2018 na Tailan da Indunusiya ke shigowa ba kuɗin fito. In za a yaba wa ƙungiya, a tuna da manomin da ya sare rakensa ya rasa inda zai kai.

Hajiya Rabi: Ƙanina ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ƙari a kan haka, kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke fitarwa kamfanonin baƙi ne ke fitar da shi. Akwai shekarun da Samsung ita kaɗai ke da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Yaran ƙasar na ɗaura sukurori, riba mai tsoka na tafiya Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, ƙasar Samsung. Kuma a 2016 dagwalon masana'antar ƙarfe ta Formosa a Ha Tinh ya kashe kifi a gaɓar larduna huɗu, kamfanin ya amsa laifi ya biya diyyar dala miliyan 500. Masunta nawa wannan kuɗin ya maido wa sana'arsu?

Injiniya Bashir: Ban ce babu ciwo ba, Hajiya. Amma yarinyar da ke ɗaura sukurori a Bac Ninh, uwarta a cikin taɓon shinkafa ta tsufa. Ƙididdigar ƙasar ta nuna masu talauci kashi 58 cikin ɗari ne a 1993, zuwa 2008 sun dawo ƙasa da kashi 15. Kamfanin baƙon ne ya ba ta albashin da take turawa ƙauye.

Malam Habibu: Ka duba tsakiyar lissafin naka. Daga 58 a 1993 ya faɗo 37 a 1998, tun kafin Samsung, tun kafin kasuwar Amurka ta buɗe. Mafi yawan waɗanda suka fita a lokacin mutanen karkara ne. Dokar filaye ta 1993 ta ba manomi damar ya gadar da haƙƙin gonarsa, ya ba da haya, ya jinginar ya karɓi bashi. Da wannan aka dasa kofi a tsaunukan tsakiyar ƙasar, har ta zama ta biyu a duniya bayan Burazil.

Amma zan ba ka abu ɗaya, Injiniya, domin gaskiya ce. Cikin jam'iyyar akwai waɗanda ba sa son gyaran, musamman masu cin moriyar kamfanonin gwamnati. Da aka shiga ASEAN an sa hannu cewa zuwa 2006 za a sauke kuɗin fito a kan yawancin kaya zuwa kashi 5 ko ƙasa da haka. Wannan wa'adi ya zama sanda a hannun masu son gyara. Duk wanda ya ce a dakata, sai a nuna masa takarda, a ce mun yi wa maƙwabta alkawari. Dokar kamfanoni da ta fara aiki a 2000, wadda ta sa ɗan ƙasa ya iya yi wa kasuwancinsa rajista ba tare da yawon neman izini ofis-ofis ba, a cikin wannan yanayi ta fito. Kuma atisayen da suka yi da maƙwabta shi ya shirya su shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Janairun 2007. Inda sandar ba ta kai ba kuwa an gani. Kamfanin ƙera jiragen ruwa na gwamnati, Vinashin, ya durƙushe a 2010 da bashin sama da dala biliyan 4.

Injiniya Bashir: To ai Malam ka zo wurina.

Malam Habibu: Ban zo ba. Na ce sanda ce. Sanda ba ta tafiya sai da mai riƙe ta, kuma Miyanma ma an miƙa mata irinta.

Hajiya Rabi: Ni kuma ina nan a kan bakana. A Afrilun 2025 da Amurka ta ce za ta ɗora wa kayan Biyetnam harajin kashi 46, ina shugabanninta suka nufa? Ba su tsaya jiran taron ASEAN ba, kai tsaye suka nemi Washinton, aka sasanta a kan kashi 20. Ranar tsoro ake gane wanda ke riƙe da wuyan mutum.

Nafisa: Yaya Bashir, kana da amsar wannan?

Injiniya Bashir: Kowace ƙasa a yankin haka ta yi, ƙanwata, kuma ina ganin rauni ne na ƙungiyar. Ban ce ta cika ba.

Alhaji Sabo: Bari in ƙara muku wani abu da ya shafi aljihuna, ko da zai taimaki Injiniya. Mutumin nan na Binh Phuoc, a 'yan shekarun nan ya rage abin da yake karɓa daga wurina. Da na matsa masa sai ya ce yanzu Kambodiya ce ke cika masa sito. Sun dasa kashu da yawa, irin mai manyan ƙwallo, kuma iyaka ce kawai a tsakaninsu. Mota ta ɗauko da safe, kafin dare tana ƙofar masana'antarsa, babu kuɗin fito saboda ƙungiyarsu ɗaya. Nawa kuwa sai ya bi titi daga Anyigba ta jihar Kogi zuwa Legas, ya jira layi a tashar jirgi, ya yi sama da wata a kan teku, in danshi ya shiga kwantena a rage mini kuɗi. Bana kwantena biyu kawai ya nema.